Wanda Ya Ɗauke Ƙofar Gidan Saje

Ranar Laraba da hantsi Alhaji Yusha'u ya fito bakin titi ba hula, takalmansa wari da wari, yana salati yana cewa an yi masa sata. Kafin a ce me, rabin layin nan na Agege ya taru a kansa. Masu goro suka bar kwandunansu, mai shayi ya zo da kofi a hannu, 'yan okada biyu suka kashe babura. Wani ya ce mota ce, wani ya ce janareto. Sai da aka ba Alhaji ruwa ya sha, sannan aka ji cewa takarda ce.

Shekara talatin da biyu Alhaji Yusha'u ya yi a wani kamfanin ɗab'i a Ilupeju. Abokan aikinsa da suka yi ritaya, wani ya sayi motar haya ta danfo, wani ya buɗe shagon siminti. Shi kuwa hotuna yake tarawa, irin waɗanda mai zane yake sassaƙawa a jikin katako, ya shafa tawada, ya danna a kan takarda da hannunsa. Mutanen unguwa sun daɗe da yanke cewa wannan wata 'yar ƙaramar lalura ce da ba ta cutar da kowa. Wanda ya ɓace shi ne hoton ƙofar gidan kakansa, Saje, tsohon sojan Turawa. An rushe gidan tun lokacin da aka faɗaɗa hanya, kuma ban da wannan takarda babu abin da ya rage na kamanninsa.

Mutanenmu na Agege ba sa son laifi ya kwana babu mai shi. Nan take aka tuna cewa ranar Litinin Balarabe mai gilashi ya shiga ɗakin hotunan don ya auna guda biyar da za a yi wa firam, kuma Alhaji ya bar shi shi kaɗai ya sauka amsa sallama. Balarabe bai fi shekara uku da zuwa daga Kazaure ba, ba shi da kawu ko ɗan'uwa a layin. Mai'unguwa Mamman, wanda shi ne mai shagon da Balarabe yake haya, ya ce ya ba shi zuwa bayan sallar Juma'a. In hoto bai fito ba, ya kwashe kayansa, sauran bayani kuma ya yi wa 'yan sanda. Kafin la'asar mutum biyu sun je sun karɓe hotunan aurensu ba a gama ba.

Washegari Balarabe ya sami Ɗanbaba a ƙarƙashin rumfar mai wanki yana cin gyaɗa.

Ɗanbaba mutumin Maigatari ne. A ƙuruciyarsa shi ake kira in an kore shanu, ya bi sawu kwana biyu a cikin daji har ya kai mutane bakin garken ɓarawo. Da ya zo Legas ya yi gadi har gashinsa ya yi fari. Matasa suna tsokanarsa da cewa kwalta ta kashe masa sana'a, shi kuma yakan ce musu har yanzu bai ga mutumin da yake tashi sama ba.

"Baba, ban ɗauka ba," in ji Balarabe. Ya durƙusa. "Wallahi ban ɗauka ba. In aka kore ni da sunan ɓarawo, wa zai sake ba ni hotonsa? Da wane ido zan kalli matata?"

"Miƙo hannunka."

Balarabe ya miƙa. Manyan hannuwa ne, duk tabon yankan gilashi, busassu ƙayau.

"Kana taɓa takardar mutane da jiƙaƙƙen hannu?"

"Ni? Ko gumi na yi sai na goge na jira. Ruwa ɗigo ɗaya ya isa ya ɓata aikin shekara."

"Da ka auna, ina ka bar hoton?"

"Alhaji ya dawo ya same ni, shi ya ce in tafi zai mayar da kansa. Na gaya wa Mai'unguwa haka, Alhaji ya ce ba ya tunawa."

Ɗanbaba ya karkaɗe ɓawon gyaɗa daga rigarsa ya miƙe. Ya ji tausayin mutumin, amma bai nuna ba.

A tsakar gidan Alhaji ya tarar da Gwaggo Fadima, ƙanwar mahaifin Alhaji, wadda ta haura tamanin. Ta sunkuya da ƙyar tana ciro wani yagaggen shafin littafin Islamiyya daga bakin kwata. Ta goge shi da gefen mayafinta, ta soke a ɗaurin kallabi, tana faɗa da jikokin da ba sa nan. Ɗanbaba ya gaishe ta da ƙarfi, don kunnenta ya yi nauyi.

"Ɗanbaba ne? Me ya kawo ka, wani ya rasa saniya?"

Kafin ya amsa, Hajiya Muhsina, matar Alhaji, ta yafito shi gefe. "Don Allah kar ka gaya mata komai. Hawan jini gare ta. Mun ce mata jiya mota ce ta kusa kaɗe akuya, shi ya sa aka taru."

Ɗakin hotunan yana sama. Makullinsa a kan ƙusa yake bayan firji, kuma kamar yadda Hajiya ta faɗa, har kyanwar gidan ta san wurin. A ciki akwai wani dogon teburin ƙarfe mai faffaɗan durowa biyar, wanda Alhaji ya saya lokacin da kamfaninsu ya sauya kaya. Ɗanbaba ya duba tayil ɗin ƙasa ya girgiza kai. An share, an goge, an sake gogewa.

Alhaji ya jawo durowar sama, sai ya manta da cewa yana cikin baƙin ciki.

"Dubi wannan, Ɗanbaba. Masu kwale-kwale ne a Ikorodu. Ka ga ruwan nan? Ba fenti ba ne, katakon aka bari ba a sassaƙe ba. Kuma duk abin da ka gani a dama, a hagu mai zanen ya sassaƙa shi, don in an danna yana juyewa. Duba nan ƙasa da fensir: huɗu cikin ashirin. Ashirin kacal ya buga, ya fasa katakon. Ina zaune a nan, na san akwai mutum goma sha tara a duniya da muke kallon ruwa ɗaya. Ban san su ba, amma ina jin su kamar dangi."

"Wanne ya fi tsada?"

"Wannan ɗin. Wani Bature ya yi ta zarya a kansa."

"Ɓarawon bai taɓa shi ba?"

"Ko kusa."

"Ina wanda ya ɓace yake kwana?"

Alhaji ya nuna durowar ƙasa. Ɗanbaba ya tsuguna. A fuskar durowar akwai wani wuri da fenti ya koɗe, da shatin tafin takalmi a kai, sabo a kan tsoho. Ya jawo ta a hankali. Hotunan a jere suke, kowanne tsakanin siraran takardu biyu farare. A gurbin hoton da ya ɓace, takardar sama ta tattare a gefe biyu, kamar yadda takarda take yi in ta jiƙe ta bushe. Ya ɗaga ta ya duba a hasken taga. Yatsu huɗu a dama, huɗu a hagu, kuma ƙanana ne.

"Wa ke da ƙananan hannuwa a gidan nan?"

Alhaji ya ce, "Mahbub." Ɗansa ke nan, mai sayar da wayoyi a Ikeja. "Ya sha gaya mini in sayar da su. Kuma hannunsa kullum a jiƙe yake da gumi, tun yana yaro." Ya faɗi haka ransa a ɓace, ya sa ƙafa ya tura durowar ta rufe. Ɗanbaba ya kalli ƙafar, ya kalli shatin da ke jikin ƙarfen.

A waje mai shayi ya ƙara wa zancen gishiri. Ya rantse ya ga Mahbub ranar Talata ya fita da wani abu a naɗe, dogo, a hammata, yana waige-waige. Ɗanbaba ya tambayi inda Mahbub yake, aka ce ya tafi ɗaurin aure Ikorodu, sai gobe zai buɗe shago.

Da sassafen Juma'a Ɗanbaba ya shiga danfo zuwa Ikeja, aka matse shi tsakanin wata mai kwandon kifi da wani mai wa'azin magani. Ya sami Mahbub yana goge gilashin shagonsa.

"Baba Ɗanbaba! Welkom, welkom. Waya za ka canza? Wannan taka ai ta yi ritaya tun kafin kai."

"Me ka fita da shi a naɗe ranar Talata?"

Mahbub ya yi dariya har da riƙe ciki, ya nuna saman shagon. Wata ƙatuwar bana ce ta tallar shago, da hotonsa a jiki sanye da baƙin tabarau, yana riƙe da waya a kowane hannu. "Shi ne wannan. Ina ɓoyewa ne kar Alhaji ya gani ya ce na zama ɗan fim. Abeg, Baba, ni zan saci takardar Alhaji? Ni da nake roƙonsa ya bari in sa su a intanet a san shi? Duk na ɗauke su a waya ma."

"Har wanda ya ɓace?"

"Har shi."

Ɗanbaba ya karɓi wayar ya nisanta ta da idonsa. Tsohuwar ƙofa ce ta katako mai manyan ƙusoshi, a buɗe kaɗan, da inuwar bishiyar almon a kanta. Ya ce wa Mahbub ya ƙara girman saman ƙofar. A can, a jikin dogarin ƙofar na sama, mai zanen ya sassaƙa abin da Saje ya sa aka rubuta a ƙofarsa: Bisimilla ce cikakkiya, harafi bayan harafi.

Ɗanbaba ya daɗe yana kallo. Jiƙaƙƙun hannuwa biyu. Durowar ƙasa. Ƙafar Alhaji. Ya tuna shafin da aka ciro daga kwata, ya kuma tuna inda irin waɗannan takardu suke ƙarewa a unguwarsu, da ranar da ake yin hakan. Ya miƙa wa Mahbub wayarsa da sauri.

"Ƙarfe nawa?"

"Tara saura."

"Kira ubanka. Ka ce ya tara Mai'unguwa da Balarabe a falonsa ƙarfe sha ɗaya, kai ma ka zo. Tsayar mini da okada, mai gudu."

Wanda ya ga Ɗanbaba a ranar, dattijo mai furfura a bayan babur, babbar riga tana kaɗawa, yana dukan kafaɗar direba yana cewa ya ƙara wuta, ba zai manta ba. A bayan masallacin unguwa ya sauka. Hayaƙi yana tashi. Malam Saminu ladan yana tsugune a bakin wani rami, da buhu a gefensa, yana ciro tsofaffin shafukan Alƙur'ani da littattafan da suka yage yana sa wa wuta ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda yake yi duk Juma'ar ƙarshen wata kafin ya binne tokar.

"Malam, tsaya!" in ji Ɗanbaba, numfashinsa yana sama. "Don girman Allah, tsaya."

Ƙarfe sha ɗaya falon Alhaji ya cika. Mai'unguwa Mamman ya zauna a babbar kujera yana kaɗa makullin shagon Balarabe, da ya riga ya karɓe, a yatsa. Balarabe ya raɓe a bakin ƙofa a ƙasa. Mahbub ya tsaya jikin bango, Hajiya Muhsina tana leƙe daga labule, mai shayi kuma ya shigo ba wanda ya gayyace shi. Ɗanbaba ya zo a ƙarshe, da wani farin ƙyalle a ƙunshe a hannu.

"Ranka ya daɗe," ya ce wa Mai'unguwa, "na bi sawu iri-iri, amma ban taɓa bin irin wannan ba. Wanda ya shiga ɗakin nan ya wuce hoton da ya fi tsada bai kalle shi ba. Ya sa hannu biyu ya ɗauki na ƙasa, hannuwan kuma a jiƙe. Balarabe ba ya taɓa takarda da danshi, kuma yatsansa ɗaya ya yi biyun waɗannan. Mahbub gumi yake yi, amma gumi ba ya jiƙa takarda har ta tattare. Wannan ruwa ne, ruwan alwala. Mutumin sai da ya yi alwala kafin ya taɓa hoton."

"Ɓarawo da alwala?" in ji Mai'unguwa.

"Shi ne na ce ba ɓarawo ba ne. Alhaji, ranar Litinin bayan Balarabe ya tafi, wa ka nuna wa hoton?"

Alhaji ya ce, "Gwaggo ta hawo ta kawo mini fura. Na ce ta zo ta ga ƙofar gidan babanta. Har ta yi hawaye."

"Sannan ka mayar da shi ina? Da me ka rufe?"

Alhaji ya kalli ƙafarsa.

Ana cikin haka sai ga Gwaggo Fadima da sandarta, ta ji hayaniya ta fito. Idonta ya sauka a kan farin ƙyallen.

"Wa ya dawo da wannan? Ba Saminu na ba wa ba?"

Hajiya Muhsina ta saki labulen.

"Gwaggo," in ji Alhaji a hankali, "ke kika ɗauka?"

"Ni na ɗauka, kuma gobe ma in na gani zan ɗauka! Yusha'u, da girmanka, da zuwanka Makka sau biyu, ka sa sunan Allah a ƙasa kana tura shi da takalmi? Ubana da ya sa aka rubuta shi, a saman kai ya sa shi, kowa sai ya sunkuya ya wuce ta ƙarƙashi. Kwana na yi ban rintsa ba. Da safe na yi alwala na hau, gwiwoyin nan suna kuka, na ɗauke shi na kai inda za a mutunta shi."

"Ai da kin gaya mini, Gwaggo."

"Da ka tambaye ni? Kwana uku kowa a gidan nan yana raɗa, in na shigo a yi shiru, ana ce mini akuya."

Mahbub ne ya fara fashewa da dariya, mai shayi ya kama, har Mai'unguwa ya rufe baki da hannun riga. Da Hajiya ta matsa kusa da kunnenta ta gaya mata abin da aka yi wa Balarabe, sai dariyar ta tsaya. Tsohuwa ta juya ta dube shi, ta dubi Mai'unguwa.

"Mamman, kai da na goya? Ka tashi korar bawan Allah ba ka tambayi mutanen gida ba? Ba shi makullinsa." Mai'unguwa ya miƙa makullin da hannu biyu, yana cewa ai dama bincike ake yi.

Alhaji bai ji wannan ba, hankalinsa yana kan ƙyallen. Ya karɓa, ya warware a kan tebur, sai ya yi wata ƙara kamar an taka masa yatsa. Wuta ba ta taɓa hoton ba. Amma Gwaggo, don ya shiga ƙyallen da kyau, ta ninke shi gida huɗu, ta kuma danne da kyau. Layi ɗaya ya ratsa ƙofar daga sama har ƙasa, ɗaya ya gitta ta a tsakiya.

"Bakwai cikin goma sha biyu," Alhaji yake ta faɗa. "Bakwai cikin goma sha biyu. An ninke."

"Yana miƙewa."

Kowa ya juya. Balarabe ne, bai ɗago kai ba. "In ba a yage ba yana miƙewa. Ana ba shi danshi kaɗan ta baya, ba ruwa ba, a sa shi tsakanin takardu a danne, a yi ta canzawa. Layin ba zai ɓace duka ba, amma sai wanda ya sani zai gani." Ya tashi, ya sa makullinsa a aljihu, ya yi sallama ya fita.

Bayan an sauko daga masallaci, Ɗanbaba yana zaune a rumfar mai wanki ya ga Alhaji Yusha'u ya fito da babbar riga da hula, ya ɗauko hoton a kan faranti da hannu biyu. Bai bi ta lungu ba. Ta tsakiyar layi ya bi, ta gaban masu goro da mai shayi, har ƙofar shagon gilashi. Ɗanbaba ya tashi ya bi bayansa, don ba a bin sawu a bar shi saura taku uku.

"Malam Balarabe," in ji Alhaji da ƙarfi yadda na nesa za su ji, "na zalunce ka. Ka gaya mini gaskiya na ce ban tuna ba. Ka yafe mini. Ga shi, ka gyara, ka yi masa firam, a saman ƙofar falo za a kafa shi. Sauran arba'in da ɗayan ma kai za ka yi. In ka gama ka aiko, ko wata nawa ne."

Balarabe ya goge hannuwansa a tsumma, ya daɗe yana gogewa. Ya karɓi farantin ya ajiye a kan teburinsa.

"Na yafe, Alhaji, duniya da lahira. Zan yi aikin." Ya jawo benci ya ajiye a bakin shagon, ya kaɗe shi. "Amma ba za ka tafi ka bar ni da shi ba. Duk ranar da zan taɓa shi, kana zaune a nan kana kallo. Da yamma ka tafi da abinka."

Alhaji ya buɗe baki zai ce ai ya yarda da shi, ya ga fuskar mutumin, ya fasa. Kunya ta kama shi sosai.

"Kwana nawa zai ɗauka?"

"Wannan kaɗai, kamar mako biyu."

Alhaji Yusha'u ya tattare babbar rigarsa ya zauna a kan bencin, rana tana dukan gwiwoyinsa, mutanen layi suna wucewa suna gaishe shi suna gaishe da mai shago. Ɗanbaba ya zauna a ɗaya gefen, ya ciro ƙullin gyaɗa ya miƙa masa.

"Ci, Alhaji," ya ce. "Saura arba'in da ɗaya."